Norman Thwaite da Sulken Ulu

Ranar bikin ƙauyenmu na bara maƙwabcina Norman Thwaite ya sha ƙasa a gaban jama'a, da kambin sarauta a kansa. Shi ke fitowa a matsayin sarki a wasan da muke yi duk shekara a kangon fadar da ke bayan coci. Sulkensa ba na ƙarfe ba ne, na ulu ne, matarsa Doreen ta saƙa aka fesa masa fenti ruwan azurfa. To sai aka kece da ruwa. Ulu ya sha ya ƙoshi, sulke ya yi ta sauka har ya wuce gwiwa, sarki ya ɗaga takobi zai ba da umarni, ya taka gefen rigarsa, sai rim a cikin laka. Ni na fara dariya, ban ɓoye ba.

Norman tsohon direban bas ne. Duk shekarun aikinsa ta gaban kangon nan yake wucewa, bai taɓa ganin komai ba sai duwatsu da tumaki. Wata rana wata fasinja ta manta littafi a kujera, irin labaran nan na sarakunanmu na zamanin takobi da doki. Ya buɗe lokacin hutu yana cin soyayyen kifi da dankali. Shi ke nan, mutum ya tafi. Yanzu gidansa har kan matakala littattafai ne, Doreen sai ta tsallake sarakuna kafin ta kai ɗaki.

Na taɓa leƙa shi ta kan shinge na ce, "Ranka ya daɗe, me kake samu a wurin matattu?"

Ya ce, "Kai da ko jaridar da ake naɗe kifi ba ka karantawa, ina za ka gane? Sarkin nan haƙori na damunsa, ƙaninsa na haƙa masa rami, matarsa ta fi shi wayo. Da ka buɗe sai ka ga ashe mutanen layinmu ne, doki kawai suka fi mu."

Bayan faɗuwar, shugaban kwamitin biki, Malam Pilkington, tsohon malamin tarihi, ya kira taro a zauren coci. So yake a karɓe kambin daga Norman a ba nasa surukin mai sulken ƙarfe na gaske, a kuma daina jawaban da Norman ke tsarawa daga labaransa. Na dubi Norman. Tun da ya bar aiki, wannan rana ɗaya yake jira duk shekara, tun cikin hunturu nake jin shi yana yi wa kabejin lambunsa jawabi.

Sai Misis Ackroyd mai shagon burodi ta miƙe ta ce jikokinta ba su san akwai fada a garin nan ba sai da suka ji Norman yana kuka a kan gawar ɗansa na cikin wasan, har suka roƙe ta ta kai su ɗakin karatu. Aka ce a ɗaga hannu. Na ɗaga biyu, aka ce in sauke ɗaya. Ko da haka kambi ya tsaya inda yake, ni kuwa sai hura hanci nake kamar ni aka naɗa.

Pilkington yana tattara kofuna ya ce, "Ka dai sani, Norman, littattafan nan naka rabinsu ƙarya ce."

Norman ya ɗauki biskit na ƙarshe ya ce, "Na sani, Malam. Amma naka littafin tarihin mai gaskiya zalla, ranar da ka karanta mana shi a nan, har fasto sai da ya yi minshari."