Ƙofar da Kafinta Ya Ƙi Ferewa

Shekara talatin Baba Kafinta ya yi yana fama da katako, amma sabuwar unguwa ce ta fito da sunansa. A da wurin wani makeken rami ne. Aka yi ta jibga masa yumɓu, motar daɓe ta bi ta kai, aka yanka filaye aka gina gidaje. Bayan 'yan shekaru ƙofofi suka fara taurin kai, wata ta ƙi rufuwa, wata ta ƙi buɗuwa. Sai a kira Baba, ya fere saman ƙofar kaɗan, ya ja layi da fensir a gefenta, a yi masa godiya. Yakan ce damina ce ke kumbura katako, kuma har ga Allah haka ya ɗauka.

Gidan 'yarsa ma a kan cikon yake. Wata Talata da hantsi ta kira shi da gaggawa: ƙofar ɗakin kwana ta cije, ga jikarsa 'yar shekara uku a ciki. Ya iske mijin 'yar, direban babbar mota, ya naɗe hannun riga zai banke ta da kafaɗa.

"Dakata!" in ji Baba.

Fensir ya ja a jikin ƙofar nan har sau biyar, bai manta ba. In aka haɗa abin da ya fere, ya kai faɗin yatsu uku. Wane katako ne ke kumbura yatsu uku, ga shi rabon da a ga ruwan sama wata huɗu? Ya ɗaga kai. Linta, wato kankaren da ke gicciye a saman ƙofar, ta tsage ta lotsa, ta zauna daram a kan ƙofar, garin siminti na zubowa siriri. Ashe ƙasa ce ke zama a hankali tun shekarun nan, tana jan kusurwar gidan.

"Baba, ku matsa mana. Bugu ɗaya ne," in ji surukin.

"Bugu ɗaya ne kuwa. Ƙofar nan ce ke ɗauke da bangon."

Yarinyar ta fara kuka a ciki tana bubbuga ƙofar da tafin hannu. Kowane bugu sai gari ya ƙara zubowa.

"Amaryata," in ji Baba, yana tausasa murya da kyar, "angonki ne. Hau gado ki ɓuya a bargo, mu ga ko zan gane ki."

Bugun ya tsaya. Ya sa surukin ya kwaso katakan da ke jingine a tsakar gida, suka tokare lintar gefe da gefe, ya buga musu 'yan guntaye a ƙasa har suka yi tsam. Sannan ya zagaya baya da zarton ƙarfe. Sanduna uku ya yanke a tagar ɗakin, gumi na shiga masa ido. Uwar ce ta zura hannu ta jawo 'yarta, bargo da duka.

Da hankali ya kwanta, surukin ya sosa ƙeya.

"To Baba, tunda an tokare, sai ku ɗan fere ta kamar kullum."

Baba bai saba ɗaga wa suruki murya ba, yau ma bai ɗaga ba.

"Ku kwashe kayanku ku dawo wurina. A nemo injiniya ya duba ƙasar nan. Shekara shida gidan yana gaya muku ba shi da lafiya, ni kuma ina zuwa ina toshe masa baki."

'Yar ta ce, "Baba, ai ba laifinku ba ne."

Baba ya fita waje. Ya tsaya a bakin titi yana kallon gidajen layin. Goma sha ɗaya daga cikinsu akwai fensirinsa a jikin ƙofofinsu, kuma duk akwai yara a ciki. Ya bar jakar kayan aikinsa a nan ƙasa, ya nufi gida na farko ya yi sallama.