Adabi ko Ladabi: Daga Tsibiri Zuwa Garkar Kawu

Mun tashi da asuba daga Sabon Gari, ni da abokina mai moto, wato babur, tun masu ƙosai ba su hura wuta ba. A jakata akwai takardu uku, kowace da jerin sunayen littattafai, kuma ban san wadda zan bi ba. Masu karanta abin da nake rubutawa sun san ni ba mai saurin yanke magana ba ne. Wannan karon dai dalilin ya fi na kullum nauyi, don haka bari in fara da shi.

Kawuna manomin garka ne a Jiratawa. 'Ya'yansa biyu, Rabi da Mariyama, suna ajin ƙarshe na lise, babbar sakandare, a nan Maraɗi, suna zaune gidan wani amininsa. Da daminar bara ta ƙi, hatsi ya yi wuya, mai gidan ya aika cikin kunya cewa ba zai iya ci gaba da riƙe su ba. Suka koma gida. Ni kuwa na gama jami'a a Yamai, ina jiran aikin da tun da sojoji suka karɓi mulki ba wanda ya san ranar fitowarsa. Sai na ce zan riƙa zuwa ina koya musu a gida, su zauna jarrabawar bak ta kammala lise cikin waɗanda ba su da lakwal, wato makarantar boko.

Ranar da na je neman izini na sami Kawu a garka, injin ban-ruwa yana ta ruri. Na ɗaga murya ina lissafa masa darussan: tarihi, falsafa, Faransanci, adabi. Da na ce adabi sai fuskarsa ta washe, ya ce, "Ladabi? To wanga shi ne karatu. Don shi na yarda." Na buɗe baki in gyara, na rufe. Wata biyu ke nan ina koyar da komai ban da adabi, don tsoron ranar da zai ga 'ya'yansa da littafin labari a hannu. Ga shi ranar rufe karɓar takardun jarrabawa ta matso, takardun haihuwar yaran kuma suna cikin akwatinsa. In ya ji gaskiya ya ce a bari, shekararsu ta tafi. Shi ya sa na shirya in fara zuwa Tsibiri wurin tsohon malamina ya taya ni zaɓen littattafan, sannan in wuce Jiratawa in faɗa wa Kawu abin da ya kamata in faɗa tun farko.

Hanyar Tsibiri ba ta da nisa, amma ta isa mutum ya ga halin da ake ciki. Gonaki fili fetal, ko kara ba a bari ba, duk an kwashe wa dabbobi. Rumbuna da yawa an ɗage musu hula, ba wanda ya damu ya mayar. Muna tafiya muna cin karo da masu keke da masu amalanke sun nufo birni neman abin yi. A wani shinge soja ya tsayar da mu, ya duba katinmu, ya ce in buɗe jaka. Takardu ne kawai, na miƙa masa su. Ya bi jerin farko da yatsa, ya tsaya kan wani suna, ya ce wannan littafin ne ya kada shi bak har sau biyu, Allah ya ba yaran sa'a. Har muka shiga gari abokina yana kwaikwayon yadda na ce "amin".

Mun karya wurin wani mai shayi a bakin kasuwa. Burodin ya ƙanƙance, kuɗinsa kuwa yana nan inda yake. Mai shayin ya ce tiyar hatsi ta ninka ta bara. Ban bincika ba, amma ba wanda ya musa masa cikin waɗanda ke zaune.

Malamin nawa, wanda har yau Mushe nake ce masa, yadda 'yan lakwal ke kiran malami da Faransanci, shi ya koya mini adabi a lise. Ya aje aiki, yana zaune kusa da ƙaramar majami'arsu. Matarsa ta kawo mana fura tana ba da haƙuri wai ta bana ba ta da kauri. Ina jin ban taɓa shan furar da ta kwanta mini kamar ta ba. Na shimfiɗa masa takardun uku. Ta farko wani abokina mai koyarwa ya rubuta mini, littattafan da jarrabawa ta wajabta ne, ba su da yawa. Ta biyu tawa ce, littafi goma sha shida da na ƙaunata a jami'a, ina ganin kamar ba a cika mutum ba sai da su. Ta uku wani mai sayar da littattafai ya ba ni, daga baya na lura abin da ke shagonsa ne ya jera.

Mushe bai ko kalle su ba tukuna. Ya ce, "Da wane lokaci suke karatu?"

Na ce tsakanin azahar da la'asar, in an kashe injin. Da safe suna garka suna tsinkar zogale, da yamma kuma ga aikin gida.

"To sha shidan ga, ɗana, wa zai karanta su? Kai ko zogalen?"

Ya ɗauki jan biro. Takarda ta uku ya ja mata layi daga sama har ƙasa. Ta farko ya bar ta yadda take, ya ce wannan ba zaɓi ba ne, ƙofa ce, dole ta nan za su wuce. Tawa kuwa ya daɗe yana dubawa, ya ce duka masu kyau ne, in aje musu sai sun shiga jami'a. Shawararsa ita ce in fara da wasan kwaikwayon da ke jerin farko, tunda su biyu ne, kowace ta ɗauki murya. Waƙoƙi kaɗan su hardace, ana iya maimaita su hannu yana aiki. Sannan ya buɗe akwatin ƙarfe ya ciro littattafan ya ara mini, ya ƙara da wani siriri da ban taɓa gani ba, ya ce wannan na jin daɗi ne, kada karatu ya zama magani zalla. Sharaɗinsa guda: duk babin da suka gama da Faransanci, su ba da labarinsa da Hausa ga wanda bai taɓa shiga lakwal ba. In sun kasa, ba su gane ba ke nan.

Sai da muka miƙe na iya ba shi labarin ladabi. Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce ai a Larabci tushen kalmomin biyu guda ne. Zuciyata ta yi sanyi, na ce ke nan wataƙila ban yi ƙarya ba.

"Ka yi," in ji shi. "Ka san abin da yake nufi, ka bar shi a kai. Tafi ka gaya mai."

Mun ratso Maraɗi rana tsaka. 'Yan kabu-kabu kamar kullum, ba wanda ke jiran wani. A gaban wani shago mata sun yi dogon layi da buhuna a ninke, an ce hatsi mai rahusa ake sayarwa. Mun sayi fetur na kwalba, muna barin wurin tayar baya ta sace. Abokina ya yi ta tsaki, ni kuwa yanzu ina gode wa wannan ƙusa. A inuwar mai faci na buɗe siririn littafin na karanta shi kusan duka. Na ce kusan, don gara ta cinye shafukan ƙarshe, sai 'yan kalmomi a gefe.

Daga birni zuwa Jiratawa gulbi yashi ne zalla, har yara sun kafa ragar ƙwallo a tsakiyarsa. Amma da ka kai garake sai ido ya huta: zogale layi-layi, albasa, tumatir, ruwa yana bin ƙananan hanyoyi daga rijiyoyi. Bayan abin da na gani da safe, sai da na ce a tsaya in duba da kyau. Matar Kawu ta kawo mana kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Abokina ya ci nasa ya taya ni da nawa.

Bayan azahar aka kashe injin. Na sami Kawu ƙarƙashin mangwaro yana ɗaure tiyo da robar taya, Rabi da Mariyama suna gefe suna ware ganye. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe dai na ce ranar nan adabi na ce, ba ladabi ba, kuma adabi karatun labarai ne da waƙoƙi da wasanni da mutane suka rubuta. Na ce na ji lokacin da ya ji ba daidai ba, na yi shiru don tsoro.

Bai ɗago ba. Ya ja robar ya ƙulle. Ya ce, "Tatsuniya ke nan."

Na ce ba sosai ba, ko da yake ta wani gefen ana iya cewa haka, amma kuma...

"Bar amma. Ba ni guda in ji."

Wanda ke kaina shi ne na wurin mai faci. Na fara ba shi labarin wani mahaƙin rijiya da ya yi wa ƙauyensu alkawarin ruwa, yana ta haƙa, ƙanensa yana ta roƙonsa su tafi birni. Ban yi nisa ba Kawu ya aje tiyo ya tambayi inda ya haƙa. Na ce kan tudu, bayan gari. Ya ce wa ya aike shi, mutum ba ya duba inda itace ke da ɗanyen ganye da rani? Da na zo inda ƙanen ya tafi ya bar shi cikin rami, ya ce yaron bai kyauta ba, amma shi ma wan taurin kai gare shi. Sannan ya ce, "To, ya sami ruwan?"

Na ce, "Gara ta cinye wurin, Kawu."

Mariyama ta tuntsire da dariya cikin mayafi. Kawu ya dube ni ya ce:

"Harafi guda ne tsakanin adabi da ladabi, lam. Ya faɗi cikin ƙarar inji, kai ka tsince shi ka sa aljihu wata biyu. Gara da ba ladabin kake koyarwa ba, Mushe, don kai ma kana bukatar malami."

Ya aiki Rabi ta ɗauko akwatin, ya ciro takardun haihuwar a naɗe cikin leda ya miƙa mini. Ya ce sharaɗinsa shi ne duk Juma'a bayan an sauko, abin da suka karanta a makon su maida masa da Hausa, shi zai san ko akwai ladabi a ciki ko babu. Ban gaya masa cewa sharaɗin Mushen Tsibiri ke nan ba. Mutanen nan biyu ba su taɓa haɗuwa ba, in ban yi kuskure ba.

Mun shigo Sabon Gari ana kiran magariba, jakata ta fi ta safe nauyi, kaina ya fi sauƙi. Ba zan ce na tabbata zaɓin da muka yi shi ne mafi kyau ba, har yanzu akwai biyu cikin sha shidan nan da nake jin ciwon barinsu. Abin da dai na gane shi ne, na yi wata biyu ina auna littattafai da juna, alhali da lokacin yaran ya kamata in auna su. Na kuma raina Kawu ba tare da na sani ba, na yanke masa hukunci tun ban tambaye shi ba. Ina godiya ga Mushe da matarsa, da abokina da bai karɓi komai ba sai rabona na zogale, da sojan da ya yi mana addu'a.

An karɓi takardun yaran ranar Litinin. Jiya Juma'a na koma Jiratawa da wasan kwaikwayon, da kuma saƙon Mushe game da ƙarshen labarin mahaƙin rijiya, don Kawu ya aiko tambaya sau biyu. Ina shiga garka, tun ban gama sallama ba, ya tashi da kansa ya kashe injin.