Tuwon Delu da Kwanon Roba

Kullum da hantsi Gwadabe yakan tanƙwashe ƙafa a ƙofar ɗakin inji, ya zaro kwano ɗaya cikin sababbin da aka buga, ya jira tuwo. Aikinsa ke nan a masana'antar robar Alhaji Lado da ke bayan Ƙofar Kaura: gwajin zafi. Delu mai tuwo ce ke kwaso masa daga kan murhu, tuwon na huci kamar wanda aka yi wa ƙazafi. In kwano ya daure, a kai 'yan'uwansa kasuwa. In ya lanƙwashe, a mayar da su a sake narkawa. Ko ya daure ko bai daure ba, Gwadabe ya sha miya. Shekara huɗu, ya ajiye tumbi, kwanon Alhaji kuma bai taɓa jin kunya a gidan kowa ba.

Sai kuɗin mai suka sauko kamar ruwan Agusta. Alhaji ya leƙa Turai, ya dawo da na'urar gwajin zafi mai agogo uku da fitilu.

"Malam Gwadabe, wannan ba ta cin tuwo. Ƙarshen wata ka huta."

"Alhaji, ta san miyar kuka da man shanu?"

"Ta san digirin zafi."

"To, Allah ya ba ta sa'a."

Ran Laraba na'ura ta kunna koriyar fitila, ta sallami kwanuka dubu biyu na wata makarantar kwana. Gwadabe ya ƙwanƙwasa ɗaya da farce, ya kasa kunne, ya girgiza kai. Alhaji ya harzuƙa, ya ce Delu ta zubo, shi da kansa zai ci. Ya shiga ofis, ya ɗora kwano a cinya, bisa farar shadda.

Da farko murmushi kwanon ya yi. Can ya yi hamma. Daga nan ya saki jiki gaba ɗaya, miya ta bi shadda tana gangara a natse, kamar ta san hanya. Ashe da ruwan shayin Turawa mai ɗumi-ɗumi aka horar da na'urar.

Alhaji ya daɗe yana kallon cinyarsa.

"Malam Gwadabe."

"Na'am, Alhaji."

"Ƙarshen watan da na ce..."

"Wane watan?"

"Ai ban faɗi shekara ba."

Gwadabe ya miƙe, ya gyara hula, ya ce bari ya samo sabulu. Ya fita yana taku ɗai-ɗai.