Baba Lasifika Ya Rufe Shago

Kullum da safe, kafin in hau keken ɗinkina, nakan jiyo shi ta bango yana goge kwamfutocin shagonsa. In ya gama sai ya zauna shi kaɗai ya kunna gem, wasan nan na kwamfuta. Tsoho da furfura, tabarau a karan hanci, yana ta harbi yana kuskure. Wata rana na tsokane shi na ce, "Baba, ko sau ɗaya dai ka ci mana, ka fitar da mu kunya."

Ya ce, "Ba ci nake nema ba, 'yata. So nake in san masu yawo a ciki kafin 'ya'yanku su taso daga makaranta."

Shagon gem yake da shi, inda yara ke wasa da mutanen da ba su taɓa gani ba ta intanet. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi nisa, sai dai waya jefi-jefi. Dokarsa ɗaya ce: ba a sa abin ji a kunne. Duk hirar da za a yi, a lasifika za a yi ta, kowa ya ji. Yakan ce, "Maganar da ba za a faɗa da ƙarfi ba, ba ta shagona ba ce." Nan yara suka laƙaba masa Baba Lasifika, kuma ba don ƙauna ba.

Autana yana cikin masu zuwa. Ashe ya yi wani aboki a gem, mai yi masa kyautar kayan wasa, mai yabonsa fiye da yadda ni uwarsa nake yi. Mai gyaran waya na layinmu yana shagon ranar, shi ya ba ni labari. Ya ce Auta ya rage ƙarar lasifika ya manna kunne a jikinta. Baba ya taso yana jan ƙafa, ya ƙure ƙarar. Sai ga muryar ƙaton namiji ta cika ɗakin: "Ka fito tasha gobe in ba ka sabuwar waya, amma kada ka gaya wa Mama."

Baba ya sunkuya kan makirfo ya ce, "Kakansa ne ke magana. Ni zan zo karɓa, wace tashar?" Take mutumin ya ɓace. Baba ya kai ƙararsa wurin masu gem ɗin, sannan ya riƙo hannun Auta har bakin kekena.

To, me ya samu? Yara suka ce ya cika sa ido, suka koma sabon shagon tsallaken titi, mai labule da abin kunne. Auta, da yake ganin an kunyata shi gaban abokai, ya daina gaishe shi. Na yi faɗa har na gaji. Baba ya ce, "Ƙyale shi. Yana gida dai yake fushin, ko?" Haka ya ci gaba da buɗe shago, kujeru reras ba kowa, yana shan shayinsa yana kallon ƙofa. Wallahi nakan ji tausayinsa har in kasa ɗinki.

Baba, kai ne maigadin da ba wanda ya ɗauka aiki. Kai ne ka yarda yara su tsane ka muddin za su kwana a gidajensu. Mu iyaye muna ganin yaro shiru da waya sai mu ce mun huta, kai kuwa shirun ne ke tayar maka da hankali.

Makon jiya ya rufe shagon. Na ɗauka rashin ciniki ne. Ya ce a'a, kunnen ne ya mutu. "Yanzu ko yara sun shigo, bakinsu kawai nake gani yana motsi. In zauna iyaye su ɗauka akwai mai ji, alhali babu? Wannan yaudara ce."

Mun gode, Baba. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka masu ɗebe maka kewa. Mu kuma iyaye, aikin ya dawo kanmu. A gidana yanzu a falo ake gem, murya a buɗe, ina ɗinki ina saurare. Ku gwada, gunaguni ba ya kisa.

Ranar da ake kwashe kwamfutocin, Auta ya je da kansa, ban aike shi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, kai a sunkuye, ya yi magana can ƙasa-ƙasa. Baba ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Ka manta dokar shagon nan? Ɗaga murya."

Auta ya ɗaga kai ya ce, "Na gode, Baba!" Har ni na jiyo ta bango.