Rijiyar da Ɗan'iya Ya Faɗa

Duk wanda ya taɓa neman a buga masa katin ɗaurin aure ko na walimar sauka a Tambuwal ya san shagon Sharifuddeen, nan gefen tasha, tsakanin mai faci da mai shayi. Sharifu ake ce masa. Gidansu gidan malamai ne tun kakanni, amma shi karatun bai zauna masa yadda ya zauna wa yayyensa ba. Ya dai sauke, ya taɓa littattafai, sannan ya bi boko. Abin da Allah ya ba shi baki ne. Tun yana yaro in ya fara ba da labari, sai tuwo ya huce a gaban mutane ba su sani ba. Mahaifinsa yakan girgiza kai ya ce da wa'azi wannan bakin ya kama, da jama'a sun ƙaru.

Bautar ƙasa ta kai shi Kudu, can ya tarar da wasu samari suna wani irin wasa da bai taɓa gani ba. Mutum ɗaya ke riƙe da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama shi. Mai labari ya ce ga daji, ga kogi, ga abin da ya tare hanya. Kai kuma ka faɗi abin da jaruminka zai yi, sai a yi ƙuri'a a ga ko ya dace. Ba kuɗi a ciki, ba caca. Sharifu ya dawo gida da abin nan a ka. Da yake Malam, mahaifinsa, ba ya son jin ƙarar ɗan lido a gidansa, sai ya tara ƙwallayen dabino, ya rubuta wa kowane lamba, ya zuba a ƙoƙo. In an zo wurin ƙuri'a, mutum ya kau da kai ya zaro ɗaya.

Ranar kasuwa suke zama, a zauren Sharifu, daga la'asar zuwa magariba. Akwai Mudassir malamin firamare, mai son doka kamar shi ya kafa ta. Akwai Mannir tela. Sai Sambo, ɗan gwaggon Sharifu, wanda ke kawo gero da dawa daga Fakku ta ƙasar Kebbe duk ranar kasuwa, ya kwana gidan kawunsa, da safe ya bi mota ya koma.

To, ɗan mace da ɗan namiji, ai ba sai an faɗa ba. Taubasai ne, kuma wasansu ba ya da birki. Sambo na sa ƙafa a zaure Sharifu zai ce, "Ga bawana ya iso, a ba shi tsintsiya." Shi kuma ya ce, "Ji ɗan birni, mai hannun amare, ko hauya bai iya riƙo." Kowa na cewa shi ne ubangida. Abin da taubashi ya faɗa maka ba a riƙe shi, ba a kai ƙara, ba a ko ɓata rai. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi.

A cikin wasan, Sambo shi ne Ɗan'iya, maharbi mai kare ɗaya, Bar-su. Shekaru suka yi tare, mutum da jaruminsa, har a kasuwa wasu na kiransa Ɗan'iya ba su san mafari ba. Kuma wallahi ya iya. Sai ya sunkuyar da kai ya kasa kunne, ya yi ta tambaya: iska daga ina take bugowa? Ƙasar jiƙaƙƙiya ce ko busasshiya? Karen ya yi haushi ko gurnani? Sharifu kuwa abin nema ya samu, sai ya buɗe baki ya yi ta zubawa, har ka ji warin dajin a hancinka.

Wata rana da damina, an tashi wasa, Sambo ya ja shi gefe bayan zaure. Ba wasa a muryarsa.

"Na tafi asibiti Sakkwato," ya ce. "Sun ce hawan jinin ido ne. Gefe da gefe duk ya rufe, awa wanda ka leƙe ta cikin bututu nika gani. In wuri ya yi duhu-duhu kuwa, sai Allah. Ko Inna ban gaya ma ba. In 'yan kasuwa sunka ji, wa zai sake ba ni hatsinai in auna?"

Sharifu ya yi salati.

"Ba kuka nika so ba," in ji Sambo. "Wasan ga shi ɗai ya rage mani wurin da ba ni da kasawa, don da kunne aka yin shi. Kai dai ka riƙa faɗi yadda ka saba. Kuma maganar ga amana ce."

Sharifu ya riƙe hannunsa ya ce amana ce. Kuma har zuciyarsa ya faɗa, wannan kam ba a yi masa ƙarya.

Sai ga manhaja ta shigo. Wani tsohon abokin bautar ƙasarsa ya turo masa ita, wadda ake sa wa kwamfuta don irin wannan wasan. Asali an yi ta ne don waɗanda ke nesa da juna, amma Sharifu, da yake kan nasa na ja, sai ya ɗauko tsohuwar talabijin mai faɗi, ya kwantar da ita rigingine a tsakiyar tabarma, ya haɗa ta da kwamfutar da waya, ya ja wuta daga batirin sola. Taswira ta fito a fuskar talabijin: ga ganuwa, ga lunguna, ga itatuwa. Kowane jarumi ya zama ɗan hoto kamar marfin kwalba. Abin da ya fi burge mutane, duk inda ba a kai ba manhajar na lulluɓe shi da baƙi, sai jarumi ya matsa sannan wurin ya buɗe. Ita ke ƙuri'a, ita ke lissafin rauni. Ƙoƙon dabino ya koma kan taga, gizo-gizo ya yi masa saƙa.

Kai, zauren nan ya ga jama'a! Har waɗanda da suke cewa manya da gemu suna tatsuniya da rana, suka riƙa leƙowa. Sharifu ya riƙa kwana biyu yana zana taswira ɗaya, in an yaba sai ya ce, "Ai gani ya kori ji." Ɗan Adam ke nan. Bai yanke shawarar daina bayani ba, bakin ne ya riƙa gajarta da kansa. Inda da zai ce ga wata tsohuwar kuka mai kogo, ƙudan zuma na shiga suna fita, sai ya koma cewa, "Kun ga nan? To daga nan zuwa can." Matarsa Nasiha, wadda ta saba jin labarin daga tsakar gida tana tankaɗe, ta ce masa, "Ni fa wasanku ya daina daɗi. Ba abin da nika ji sai nan da can." Ya ce mata don ba ta ganin allon ne. Ya faɗi haka da bakinsa, kuma ko a jikinsa.

Sambo dai ya matso kusa da talabijin, ya rage tambaya. In an zo kansa sai ya ce, "Ɗan'iya na bin Mannir," ko "Ni ma can." Sharifu ya lura, ba wai bai lura ba. Kullum yakan ce a ransa mako mai zuwa zai gyara.

Ranar da abin ya faru, labari ya kai su wani kufai, tsohon birnin da mutane suka watse suka bari. Sharifu ya zana shi da launin toka da baƙi don ya ba da tsoro, kuma a tsakiyar filin ya sa tsohuwar rijiya marar murfi, baƙar da'ira a kan ƙasa mai duhu. Kura ta ɓullo daga gabas, jaruman Mudassir da Mannir suka kewaye rijiyar suka ruga ƙofar birnin. Aka zo kan Sambo. Ya duƙa har hancinsa ya kusa taɓa allon, ya ɗora yatsa a kan hoton Ɗan'iya, ya ja shi miƙe zuwa inda ya ji sun ce ƙofa take.

Sharifu ya bi da hoton a kwamfuta yadda yatsan ya nuna. Talabijin ta yi wata ƙara, hoton Ɗan'iya ya yi ja, sannan ya dushe. Manhaja ta lissafa zurfin rijiyar, ta ce maharbi ya mutu.

Zaure ya ɗauki shewa. Shi kuwa Sharifu, ga 'yan kallo, ga dariya ta taso, ga taubashi a gabansa ya yi abin kunya, sai bakin nan da ya saba ya riga hankali.

"Kai baƙauye, rijiya ƙatuwa haka! Makaho ne kai, ba ka gani?"

Kafin ya rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Magana zarar bunu. Mutane suka ƙara fashewa, don a wurinsu wasan taubasai ne irin na kullum. Sambo ya ɗago kai. Ya yi dariya shi ma, don al'ada ba ta bar masa wata hanya ba.

"To jama'a ku shaida," ya ce, "bawa ya kashe ubangijinai."

Dannawa ɗaya ce za ta mayar da Ɗan'iya bakin rijiya da ransa. Yatsan Sharifu na kan wurin. Amma Mudassir ya riga ya ce doka doka ce, wanda ya faɗa ya faɗa. Kuma in ya mayar, sai an tambaye shi dalili, dalilin kuwa amana ne. Haka ya gaya wa kansa. Gaskiyar ita ce kunya ta kama shi, ya rasa ta inda zai ɓullo, ya bar wasa ya ci gaba har aka kira magariba.

Kasuwa ta zagayo, hatsin Sambo ya zo, Sambo bai zo ba. Ta sake zagayowa, haka. In Sharifu ya kira waya, sai a gaisa lafiya lau, a ce aikin gona ne ya yi yawa. Abin ya dami Sharifu. Ya buga wa wani katin suna da sunan amarya a ciki, sai da aka dawo masa da shi. Da kaka ta yi, Nasiha ta gaji da ganinsa haka, ta ce ko me ya haɗa shi da ɗan gwaggonsa, Fakku dai ba Makka ba ce, mota na zuwa.

Sharifu ya samu Sambo da hantsi a gindin tsamiyar ƙofar gida, yana tufka igiya. Idon ya ƙara tafiya, yanzu kowa ya sani, awo ma ƙanensa ke yi. Tun daga sallama Sambo ya gane shi.

"A'a, bawana ne da kansa? An zo gaida ubangida?"

Sharifu ya durƙusa ya ce, "Sambo, don girman Allah ka gafarce ni. Abin da na faɗa ran nan…"

"Wane abu?" Sambo bai daina tufka ba. "Tsakanina da kai akwai gafara? Sai da laifi aka neman gafara, taubashi kuwa ba ya laifi. Tashi, kada Inna ta fito ta ga ɗan malamai a ƙasa."

Wannan ta fi mari zafi. Wasan da ya ba shi damar faɗin maganar, shi ya hana shi damar janye ta. Ya zauna a gefen tabarma kamar baƙon da ba a san shi ba. Aka kawo fura, ya kurɓa don dole.

Can Sambo ya ce, "Abu ɗai nika son ka yi mani. Rijiyar ga da na mutu ciki, har yau ban san kamarta ba. Faɗa mani."

Sharifu ya fara. Ya ce rijiya ce ta mutanen da, bakinta ɗaure da itacen ƙirya, igiyar guga ta ci itacen har ta yi masa kwari-kwari. Ya ce ƙasar wurin ta fi ta sauran filin sanyi a tafin ƙafa. Wani ɗan cediya ya tsiro a cikin bangonta. Tantabarun daji sun yi sheƙa a ciki, in mutum ya doso sai ka ji kukansu na fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, sannan su tashi fir gaba ɗaya. Duk wannan yana kansa tun ranar da ya zana taswirar, ba yau ya ƙirƙira ba.

Sambo ya saki igiyar, kansa a sunkuye yadda yakan yi a zaure.

"Ashe da tantabaru," ya ce a hankali. "Da ka ce da tantabaru, ai da Ɗan'iya bai taka ba."

"Ina iya maido shi," in ji Sharifu da sauri. "Wallahi dannawa ɗaya ce. In kife talabijin ɗin, mu koma ƙoƙo."

"Bar shi inda yake. Yaran ga na son allonsu, kada ka hana su." Ya laluba ya ɗauki igiyarsa. "Karen dai ka ba Mannir. Kada a bar shi bakin rijiya shi ɗai."

Har yau ana wasa a zauren Sharifu ranar kasuwa, talabijin na kwance a tsakiyar tabarma. Sai dai yanzu ba ya buɗe wuri a taswira sai ya faɗi kamarsa tukuna: iskarsa, warinsa, abin da ke kuka a ciki. Mudassir yakan ƙosa ya ce, "Malam Sharifu, ai muna gani." Shi kuwa sai ya ci gaba, fuskarsa na wajen gefen tabarmar da ba kowa. Mannir ya tambaye shi karen ya fi a ƙirga, kullum sai ya ce mako mai zuwa. Bar-su na nan a taswirar kufai, a bakin rijiya, inda ubangidansa ya bar shi.