Baba Hana-Ƙyalli da Motar Makarantarmu

Kafin masu sayar da mai su buɗe famfunansu, Baba Hana-Ƙyalli ya riga ya iso rumfar wankin motoci da ke bayan gidan man. Yakan jingine kekensa a jikin tankin ruwa, ya ɗaura igiya tsakanin turaku biyu, sannan ya shanya tsummokinsa uku: fari na gilashi, shuɗi na roba da ledar kujeru, ruwan ƙasa na inda ƙafa ke takawa. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, ba a taɓa ganin ɗaya daga cikinsu ya shiga aikin ɗan'uwansa ba. A gefe akwai gwangwanin madara cike da tsofaffin buroshin haƙori, da su yake bin kafofin iska da 'yan lungunan da yatsa ba ya shiga. Maiɗakinsa takan ce a gidansu ba a jefar da buroshi, sai dai a yi masa canjin wurin aiki.

Abokan aikinsa su ne masu tiyo da kumfa, su suke wanke jikin mota. Shi nasa na ciki ne. In aka kawo mota, yakan fara buɗe ƙofofinta duka, ya ɗora bayan hannunsa a kan faffaɗar robar nan ta gaban direba, wadda ake ce wa dashbod. In ya ji zafi sai ya ce a tura ta inuwa, ya koma ya zauna abinsa. Mai gaggawa ya yi ta duba agogo, Baba ya ce masa roba mai zafi ba ta karɓar wanki, sai dai ta yi dabbare-dabbare. Ruwansa mai ɗan ɗumi ne, da ɗigon sabulu mara kaifi, tsumma kuma sai ya matse shi sosai kafin ya kusanci wurin wayoyi. Yana da man da yake kare roba da shi daga cin rana, irin wanda ba ya sheƙi. A tsumma yake ɗiga shi, ya shafa kaɗan, ya bi da busasshe. Sitiyari da giya da robar birki kuwa, ko ɗigo ba ya bari ya taɓa su.

Daga nan sunan ya samo asali. Wata rana wani direban tasi ya leƙo ta taga ya ce, "Haba Baba, a sa mata mai ta ɗauki ido mana, fasinja su riƙa ganin fuskarsu!"

"In fuska suke son gani, ga madubi can a sama," in ji Baba, bai ko ɗago ba. "Kai hanya za ka gani."

"To, Allah ya ba ka haƙuri, Baba Hana-Ƙyalli!"

Aka yi dariya, suna ya bi shi. Wasu sun ɗauke motocinsu sun kai inda za a fesa musu har ta riƙa ɗiga. Bai taɓa bin kowa da roƙo ba.

Kwanan nan Baba ya ajiye aiki, don gwiwoyinsa sun daina yarda da durƙuso a tsakanin kujeru. Mu da muke koyarwa a makarantar firamaren da ke ƙarshen doguwar hanya muna da dalilinmu na yi masa jinjina, dalilin kuwa shi ne Kawu Direba.

Haka yara suke kiran mai tuƙa motar makarantarmu. Shekararsa goma sha tara yana kwaso su da safe, yana mayar da su da rana, ko ƙwarzane bai taɓa yi wa motar ba. Shi yake wanke ta da hannunsa. Amma a zangon karatun da ya wuce wani abu ya same shi wanda bai gaya wa kowa ba. Kullum da safe, da zarar ya karya kwana ya hau doguwar hanyar da ke fuskantar fitowar rana, sai gabansa ya yi fari fat. Ya ƙifta ido, ya murza, ya goge gilashi da tsummansa, abin sai ƙaruwa. Mutane su zama inuwa-inuwa, allunan gefen hanya su narke. In rana ta take tsaka sai idon ya washe, ya ce wa ransa gajiya ce. Gobe da safe abin ya dawo.

Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ya san wannan labari. Haka mahaifinsa ya fara. Yana daidai shekarunsa na yanzu ya riƙa cewa hasken safiya yana kashe masa ido, kafin shekara biyu yanar ido ta rufe masa idanun duka, aka koma jan hannunsa.

Wata Juma'a da safe wani mai amalanken ruwa ya tsallako hanya. Kawu Direba bai gan shi ba sai da ya kusa taka shi. Ya danna birki, ya murɗa sitiyari, hannunsa ya ɗan zame. Motar ta tsaya tana rawa, saura taku ɗaya. Yara suka kife kan juna suna ƙyalƙyala dariya, suna cewa, "Kawu, a sake!" Shi kuwa gumi ne ya jiƙa masa riga. Yara ashirin da shida ne a bayansa, kowanne ya san sunan uwarsa.

Da ya koma gida ya zauna a bakin gado ya rubuta takardar ajiye aiki. Maiɗakinsa ta tsaya a kansa tana karantawa.

"Baban yara, ko asibiti ba ka je ba fa."

"In je a gaya min abin da na sani? Ranar Litinin zan miƙa ta. Gara mu rasa aikin da in ɗauki alhakin ɗan wani."

Ta san da wannan aikin gidan yake tsaye, ta kuma san gaskiya ya faɗa.

Abu ɗaya ya rage masa: ba ya so ya mayar da motar sai tana tsaf, ciki da waje. Shi ya sa ranar Asabar da hantsi ya kai ta rumfar da ke bayan gidan man, wurin da bai taɓa kai ta ba.

Baba ya buɗe ƙofa, ya sa kai, ya tsaya. Ya shaƙi iskar ciki sau biyu. Dashbod yana sheƙi sai ka ce an zuba masa ruwa. Ya kai yatsa ya ja layi a jikin gilashin gaba ta ciki, layin ya fito ɓaro-ɓaro. Ya murza yatsan da babban yatsansa.

"Kawun yara, me kake ba ta take wannan ƙiba?"

Kawu Direba ya jawo gwangwanin feshi daga ƙarƙashin kujera, har da 'yar alfaharinsa. Ya ce a farkon zango ya saya. Ranar da ya fara fesawa sabuwar shugabar makaranta ta shiga motar ta yaba masa a gaban malamai, tun daga nan safe da yamma ba ya fashi.

"Har sitiyari?"

"Har shi."

"Gilashin fa, da wane tsumma kake goge shi?"

"Ai tsummana ɗaya ne, Baba."

Baba ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya rage murya yadda masu tiyo ba za su ji ba. "Da safe, in ka fuskanci rana, kana ganin hanya kuwa?"

Wata uku babu wanda ya yi masa wannan tambaya. Sai kawai ya sa hannu a aljihu ya ciro takardar, ya gaya wa tsohon komai, har da mahaifinsa, har da mai amalanke.

Kai ne, Baba, ba ka yi masa dariya ba, ba ka kuma yi masa alkawarin da ba naka ba. Cewa ka yi, "Mayar da ita aljihu tukuna. Ni ban san ido ba, roba na sani. Bari mu gama da wadda na sani."

Baba ya sa aka juya motar ta kalli haske, ya zaunar da Kawu Direba a kujerarsa. "Me kake gani a gilashi?" Ya duba da kyau, sai ga hoton dashbod kwance a jikin gilashin, har da kafofin iska. Baba ya tuɓe baƙar rigar sanyinsa ya shimfiɗa a kan robar. Hoton ya ɓace.

"Wannan rabi ke nan," in ji shi. "Ɗaya rabin, in rana ta gasa man nan yakan tashi ya kwanta a gilashi. Kai kuma ka bi shi da tsumman man ka daɗa shafe shi. Kullum ƙara wa kanka labule kake yi, ɗana."

Aka mayar da motar inuwa. Sau uku Baba ya wanke dashbod, kowane karo da sabon ruwa, yana bin zanen robar da buroshi don man ya shige ciki. Ya wanke sitiyari har ya daina santsi, ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa ya goge robar birki. Sannan ya wanke hannunsa, ya ɗauko farin tsumma, ya bi gilashin daga sama zuwa ƙasa, ya sake bi daga dama zuwa hagu. Da ya gama, robar ta koma baƙa mai sanyi, babu sheƙi ko kaɗan. Kawu Direba ya ga kamar motar ta tsufa.

"Ta yi muni, ko?" in ji Baba. "Yi haƙuri, ba gidan hoto za ta ba."

Da tsakar rana babu yadda za a gane ko an dace, don a lokacin dama yana gani. Dole a jira rana ta sunkuyo. Baba ya gama sauran motocinsa, Kawu Direba yana zaune a benci ya kasa cin komai. Da yamma ta yi liƙis suka hau doguwar hanyar ta ɗaya ɓangaren, rana tana kallonsu ido da ido. Baba ya zauna a kujerar 'yan aji ɗaya, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

Kawu Direba ya karya kwana yana jiran farin nan ya rufe shi. Bai zo ba. Rana tana nan da ƙarfinta, amma ga hanya shimfiɗe har ƙarshenta. Ga mai keke, ga wata mata da yaro a hannu, ga ramin da ya daɗe yana faɗawa bai san inda yake ba.

"Allon can na nesa, me aka rubuta?" in ji Baba.

"A rage gudu, akwai kasuwa a gaba."

"To, ka fi ni. Ni fari kawai nake gani."

Kawu Direba ya gangara gefe ya kashe mota. Ya kifa goshinsa a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa, yana ta maimaita alhamdu lillahi. Baba ya bar shi sai da ya nitsa, sannan ya taɓa shi.

"Ɗaga kanka, yanzu na gama cire mai a wurin nan, za ka mayar min da na goshinka."

Kai ne kuma ba ka bar maganar a nan ba. Ka sa shi ya yi maka alkawari biyu: zai je wurin likitan ido kafin ya sake ɗaukar yara, kuma zai gaya wa shugabar makaranta duk abin da ya faru. Ya cika su duka. Litinin wani malami ne ya tuƙa motar, shi yana asibiti. Likita ya ce idanunsa garau suke, sai dai tabarau na karatu, ya kuma riƙa zuwa duk shekara saboda tarihin mahaifinsa. Shugaba ta saurare shi har ƙarshe, ta ce, "Kawu, ashe yabona ne ya kusa ja mana. Daga yau in na ga motar nan tana ƙyalli, sai na kira ka ofis." Takardar kuwa, maiɗakinsa ce ta karɓe ta, har yau ba ta faɗi inda ta kai ta ba.

Baba, mun gode. Iyayen yara ashirin da shida sun gode, ko da yawancinsu ba su san fuskarka ba. Ka yarda aka yi maka suna na tsokana, ka yarda wasu suka tafi, don ka ƙi yin abin da ka san zai cutar da mai shi. Duk wanda yake da ɗan aiki a hannunsa, komai ƙanƙantarsa, ya dubi wannan tsoho. Ya san aikinsa har gindinsa, ya faɗi abin da ya sani, ya tura mutum gaba a kan abin da bai sani ba. Masu mota kuma, a taimaka a raba tsumman gilashi da na roba, a bar sitiyari da birki a bushe.

Ranar da ya kwance igiyarsa, Baba ya ninke tsummokin uku ya ba Kawu Direba, ya ce kada ya kuskura ya haɗa su aure. Gidansa yana bakin doguwar hanyar nan, kuma yanzu da ya sami hutu yakan fito da kujera ƙofar gida kowace safiya. Da ya hango motar makaranta sai ya ɗaga hannu, ya miƙe yatsu, yau biyu, gobe huɗu, yadda ya ga dama. Rana tana bayansa, daidai inda farin nan yake rufe komai a da. Tun daga nesa Kawu Direba yake ƙirga su, ya danna ham daidai adadinsu, yara suna taya shi ƙirga da ƙarfi. Jiya Baba ya so ya yi masa wayo, ya ɗaga uku ya lanƙwashe ɗaya rabi. Kawu Direba ya danna biyu masu ƙarfi, ya bi da ɗaya 'yar ƙarama.