Takin Baffa

Shekaru kaɗan bayan soja sun koma bariki, ina ƙaramin malami a jami'a a Wudil, aka ba ni takardar tambayoyi in zaga ƙauyuka in auno yawan cin hanci a sabuwar siyasa. Na karɓa da ɗagawa, kai ka ce tiya aka ba ni in auno gero.

Na fara da ƙauyenmu, wajen Baffa, ƙanin mahaifina, manomi mai bakin tsiya. Wata tambaya ta ce: an ba ka takin zamani da aka raba? Eh ko a'a. Baffa ya ce an ba shi, buhu guda cif, ɗinkinsa lafiya, nauyinsa daidai. Sai ya ce in ajiye biro in yi kallo. Ya ɗebi takin ya zuba a ƙwaryar ruwa a ƙofar gida, ya dama. Abin da ya narke bai kai rabi ba. Sauran ya kwanta a gindi, yashin kogi tsagwaronsa. Maƙwabta suka taru, kowa yana jawo nasa buhun. Ni kuma, da wautata, na yi ta ɗaga ƙwaryar ina nuna wa jama'a.

Kafin la'asar 'yan dabar mai rabon takin suka iso a kan babura. Ba su tambayi kowa komai ba. Ɗaya ya take ƙwaryar ta dare biyu. Wani ya narka mini gora a ƙeya, na ci ƙasa, bakina cike da jini. Daga kwancen na ga sun danne hannun Baffa na dama a kan kututture. Sau biyu na ji ƙarar ƙashi. Bai yi ihu ba, salati kawai yake. Har yau in na tuna, kunya da haushi ke cina, don ni na jawo masa.

Mai ɗori ya ɗaure hannun, amma damina ba ta jira shi ba. Ciyawa ce ta cinye gonarsa a shekarar.

Da na je yi masa sallama, ya tambayi abin da na rubuta. Na ce ban cike ba tukuna, takardar ba ta da gurbin yashi, ba ta da na karaya.

"To, ɗan boko, ai an ba ni," in ji shi. "Kada ka yi musu ƙarya."

Na sa alama a kan "eh". Da aka haɗa rahoto, ƙauyenmu ya fito cikin waɗanda taki ya isa lafiya.